Sharar Alhamis ta Bishir Idan-To

Duk wanda ya taɓa shiga sitidiyon Yaya Bishir a Dutsin-Ma ya san yadda ake karɓar baƙo a wurin. Kana yin sallama zai amsa a gajarce, idonsa na kan kwamfuta, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Idan waƙa ta kawo ka, to ga benci. Idan hira ce, to akwai mai shayi a bakin titi." Ko Alhaji ne kai da babbar riga, sai ka zaɓi ɗaya. Daga nan aka samo sunan da ya bi shi har ƙarshen ransa, Bishir Idan-To.

Ni ne Lawal, ƙanen matarsa, malamin Hausa a wata firamare a Kurfi. Shekara ashirin da ɗoriya ina cin tuwon gidansa ina zolayarsa, shi ma bai taɓa raga mini ba. Ku abokan sana'arsa kun ce in rubuta abin da za a karanta yanzu da ya cika shekara da rasuwa, wai ni na fi kowa sanin abin dariyarsa. Zan ba ku dariyar. Amma ku sani tun yanzu, akwai maganar gogen Baba Gambo na Wurma, wadda kuka ɗora masa har aka binne shi da ita, kuma ba zan ajiye alƙalamin nan ba sai na sauke masa ita.

A gida ma haka yake magana. Yayata Hajara ta taɓa tambayarsa me za a dafa da rana, ya ce, "Idan akwai kuka, to tuwo. Idan babu kuka, to a nemo kuka." Ta ce da ni, "Ka ji fa! Mutum ne na aura ko takardar kotu?"

Ba a banza ya kamu da wannan ciwon ba, aikinsa ne ya sa masa. Kun san kowace waƙa a kwamfuta layi-layi take: layin kalangu daban, na muryar mawaƙi daban, na 'yan amshi daban, kowane da sunansa. To a manhajar da yake aiki da ita akwai wani ɗan akwati da sauran masu sitidiyo ba su ko leƙawa. A sama ka rubuta abin da za a zaƙulo, a ƙasa ka rubuta abin da za a yi masa. Shi yana kiran na saman rariya, na ƙasan hukunci. Misali ya rubuta: duk layin da sunansa ya ƙunshi "amshi", a rage masa ƙarfi, a shafa masa kore. Sai ya ajiye wannan dokar da suna, gobe ya danna maɓalli ɗaya ta bi waƙa arba'in tana yi musu aiki iri ɗaya, shi kuwa yana gefe yana shan kunu. Aikin da wani zai kwana uku yana bi layi-layi da linzamin kwamfuta, Yaya Bishir ya gama kafin kunun ya huce.

Kuma wallahi bai iya sa wa doka sunan mutunci ba. Akwai "Surukai sun iso", wadda take kwantar da ganga. Akwai "Tarin Alhaji". Akwai "Hancin Sa'adu".

Sa'adu, kana nan ai, kada ka sunkuyar da kai. Ga waɗanda ba su san shi ba, mawaƙin biki ne, muryarsa zaƙi kamar rake, sai dai rabinta ta hanci take fita. Ran nan yana tsaye a bayan Yaya Bishir sai idonsa ya faɗa kan sunan.

"Yaya Bishir, mi ne ne wancan?"

"Magani ne."

"Na hancin wa?"

"Idan akwai wani Sa'adun da ke waƙa da hanci a garin nan, to nashi ne."

Sa'adu ya ɗauki hularsa ya fita, ya yi rantsuwa ba zai ƙara takowa ba. Ya kai waƙarsa wani sitidiyo, aka fitar masa da ita da hancinta da komai, matan biki suka tambaye shi ko mura yake. Bayan sati biyu sai ga shi ya shigo, ya zauna a benci bai kalli kowa ba, can ya ce ƙasa-ƙasa, "A sa mani hancin."

"Tarin Alhaji" kuwa an yi ta ne saboda wani ɗan kasuwa da ya zo ɗaukar talla yana tari tsakanin kalma da kalma. Dokar ta ce duk sautin da bai kai rabin daƙiƙa ba, kuma shi kaɗai yake tsaye, a yanke shi. Ta yi aiki shekara da shekaru lafiya lau, har ranar da Mista Emmanuel, wani ma'aikacin jinya da ke jagorantar mawaƙan cocinsu, ya kawo waƙa goma sha biyu. Yaya Bishir ya danna musu "Tarin Alhaji" gaba ɗaya, ya koma kan kununsa. Da aka kunna, Mista Emmanuel ya saurara, ya saurara, ya dafa kai.

"Oga Bishir, ina tafinmu?"

"Wane tafi?"

"Mata ashirin sun yi tafi tun safe har hannu ya yi ja!"

"Idan abu gajere ne, kuma shi kaɗai yake tsaye, to tari ne."

"Haba Oga! Mutum ashirin su yi tari tare, a kan kiɗa, waƙa goma sha biyu?"

"Lokacin sanyi ne," in ji Yaya Bishir, ko murmushi babu.

Ya mayar musu da tafinsu nan take, amma bai yarda doka ta yi kuskure ba. Wata sabuwa ya rubuta, ya sa mata suna "Tarin coci, a bar shi". Mista Emmanuel ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Abin da Yaya Bishir yake tinƙaho da shi ke nan: ana iya yanke abu a mayar, amma tun da ya buɗe sitidiyo bai taɓa ɓatar wa mutum ko numfashi ɗaya ba. Da wannan sunan yake cin abinci, har daga Makera da Ɗantutture ana ɗauko waƙa a kawo masa.

Sai maganar tsumulmula. Kai! Fanka ɗaya ce a ɗakin, kuma kwamfuta take kallo. Mawaƙi yana zuba gumi kamar an watsa masa ruwa, in ya roƙi iska sai a ce masa, "Kai idan ka yi zafi kana iya fita. Ita fa?" Ma'ajiyar kwamfutar ma ɗaya ce tal, yana kiranta rumbu. Kowa ya ce ya sayi ta biyu ya riƙa ajiye kwafi, Hajara ta yi magana har ta gaji, ni ma na yi. Ya ce rumbu ba ya cika sai a gidan ƙazami.

Yadda yake hana rumbun cika shi ne Sharar Alhamis. Duk ɗaukar da ta lalace, mawaƙi ya yi tuntuɓen harshe ko janareta ya yi gurnani, ba ya taɓa ta a lokacin. Sai dai ya canza wa layin suna ya rubuta "goge", wato a goge shi. Ranar Alhamis da hantsi sai ya danna doka ɗaya, ta bi kowace waƙa a rumbun, duk layin da ta ga "goge" a sunansa ta cire, ta bi sautin har kwandon shara ta zubar. Babu dawowa. Na sha ganin yana yi, har nakan ce masa da gidansa yake sharewa haka da Hajara ta huta.

To, yanzu mu zo kan Baba Gambo.

Tsoho ne mai goge a Wurma, can ƙasar Kurfi, ya haura tamanin. Yaya Bishir ya san kiɗansa tun yana ƙarami, lokacin da ake kai shi wajen kakanninsa na uwa. Daga baya mutane suka daina kiran tsohon, gogen ya koma rataye a bango, babu wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa ko a kaset. Wani rani, ba wanda ya sa shi, Yaya Bishir ya fara hawa babur yana zuwa Wurma yana ɗauko tsohon. Mutumin da yake kashe babur a gangara don kada mai ya ƙone! Wata huɗu yana wannan zirga-zirga, wata rana har da mai ƙwarya da mata uku 'yan amshi, cikinsu akwai Talatu, 'yar Baba Gambo.

Ranar farko ina nan a benci. Aka sa wa tsohon hedifon, ya cire ya ajiye.

"Wanga abu ya toshe mani kunne. Ta ina gogen za ya ji ni?"

Yaya Bishir ya ce, "To Baba, idan jar fitila ta kama, to ka fara."

"Idan hannuna ya so, to in fara. Kai ka biyo ni da hwitilarka."

Ni dai na kalli rufi don kada dariya ta kuɓuce mini. Tun da nake ban taɓa ganin an mayar masa da idan-to ɗinsa ya yi shiru ba. Ya tashi ya juya fanka, ta bar kwamfuta ta kalli tsohon. Da Baba ya ja izgar nan a kan tsirkiya, ya sa murya, sai na ga Yaya Bishir ya juya mana ƙeya yana ta gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Waƙa goma sha tara suka ɗauka. Tsohon ya ƙi a raba shi da gogensa, don haka makirufo ɗaya ya ɗauki muryar da gogen tare, suna layi ɗaya. Waya kuwa doka ta hana shiga da ita ɗakin, ba wanda ya ɗauki komai a gefe. Talatu ta roƙe shi ba sau ɗaya ba ya sa mata ko waƙa ɗaya a wayarta, ya ce tuwon da bai nuna ba ba a kwashewa, ta jira ya gama gyara.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne sunayen da ya sa wa layukan. "Tsoho 1." "Tsoho kuma." "Tsoho bayan kunu." "Tsoho ya yi fushi." Na ƙwarya kuma "kwankwasa", na amshi "matan nan". Ni malami ne, in na ga allo a hargitse jikina har ƙaiƙayi yake. Na ce, "Yaya, wannan wane irin rashin tsari ne? Aikin tarihi ne fa, ka kira kowane abu da sunansa mana."

Ya ce, "Malam, idan allo ne, to naka ne. Wannan ba allo ba ne."

Iyakar bayanin da ya yi mini ke nan, ni kuma na ɗauka taurin kai ne irin na kullum.

Da damina ta faɗi Baba Gambo ya rasu. Ba a yi wata biyu ba ciwon suga ya kama ƙafar Yaya Bishir, aka kwantar da shi asibiti a Katsina. Lokacin hutun makaranta ne, sai ya ba ni makulli, in riƙa buɗewa ina kunna kayan kada su yi sanyi. Zaman benci na shekaru ya koya mini buɗe waƙa da rufewa da canza suna, kuma wannan ɗan ilimin ne ya kai ni ya baro.

Na ce bari in yi masa abin kirki, ya dawo ya tarar da aikin tsohon tsaf. Kwana uku na yi ina bi waƙa-waƙa. "Kwankwasa" na mayar "ƙwarya 1", "matan nan" na mayar "amshi 1". Duk inda na ga "tsoho" na rubuta sunan abin kiɗan da ke ciki: "goge 1", "goge 2", har na gama sha tara. Ina yi ina jin daɗin kaina.

Za ku ce ta yaya ban gani ba. Ni ma kusan shekara biyu ke nan ina tambayar kaina. A kunnena kalmomi biyu ne: gogen da ake kaɗawa daban, goge na gogewa daban, murya ba ɗaya ba, ko ɗan aji ɗaya ba zai haɗa su a baki ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara cewa rubutun Hausa ba ya nuna hawa da saukar murya, ni ne na rubuta haruffa huɗun nan sau goma sha tara ban ji komai ba.

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara. Shi ne, muryarsa a shaƙe.

"Malam, yau wace rana?"

"Alhamis, Yaya. Ya jikin?"

"Idan Alhamis ce, to a yi shara. Sati biyu ba a yi ba, rumbu zai cika. Tana nan a sama hannun dama. Danna."

Na danna. Wani ɗan layi kore ya fara tafiya, ya daɗe fiye da yadda na saba gani. Da ya gama na duba, na ce masa cikin murna, "Kai Yaya, wuri ya buɗe sosai! Kusan kashi ɗaya cikin uku."

Ina jin wata mata tana kiran nas a bayansa.

"Lawal," ya ce. Bai taɓa kirana Lawal ba sai ranar. "Ka taɓa suna?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ina kallon kwamfutar, makulli na hannuna, na buɗe baki na ce, "A'a."

Ya ce to, ya kashe waya.

Na buɗe waƙar farko, layin babu. Ta biyu, babu. Na rufe sitidiyo na hau mota zuwa Kurfi, ban iya cin abinci ba. Kuma don ku san iyakar wautata, washegari na dawo na yi ta kwafe-kwafe, ina ɗebo manyan fayiloli daga nan ina zubawa can, wai ko suna ɓoye a ƙarƙashin wani abu. Daga baya da aka kai rumbun wurin mai gyara a Katsina, ya ce da an bar shi yadda yake da an ceto wani abu, amma an zuba sabon kaya a kan gurbin.

Bayan kwana goma aka sallamo shi. Ko gida bai tsaya ba, ya sa aka kawo shi sitidiyo yana dogara sanda. Ina biye da shi kamar wanda za a kai kotu. Ya zauna, ya buɗe waƙar farko, ya kunna.

Ƙwarya ta fara, kas-kas, kas-kas. Sai shiru daidai tsawon baitin tsohon. Sai matan suka amsa, "Haka ne Baba, gaishe ka." Shiru kuma. "Haka ne Baba, gaishe ka." Haka waƙar ta tafi har ƙarshe, mata uku suna amsa wa mutumin da babu shi. Na sha jin kuka a gidan mutuwa, amma ban taɓa jin abin da ya tsinka mini zuciya kamar wannan ba. Bai kashe ba sai da ta ƙare.

Sannan ya matso da fuskarsa kusa da gilashin kwamfutar, ya sa yatsa a kan sunan layin da ya rage.

"Ƙwarya," ya karanta. "Ka san Malam, shekara goma ina neman inda ake samo harafin nan, ka mai ƙugiya, a na'urar nan, ban samu ba." Ya ɗauke yatsan. "Ta yi kyau."

Na ce, "Yaya..."

"Idan magana ce, to ba yau ba."

Kwana biyu bayan nan Talatu ta zo da mijinta da wani ƙanen Baba Gambo. An yi arba'in an wuce, suna son muryar tsohonsu. Ina zaune a bencin nan, gwiwata tana taɓa ta ƙanen marigayin. Yaya Bishir ya gaishe su, ya yi musu ta'aziyya, sannan ya ce, "Babu waƙoƙin. Na rubuta goge a kan goge, na'ura ta yi abin da aka ce mata. Laifina ne."

Talatu ba ta gane ba sai da ya sake bayani. Da ta gane sai ta miƙe tsaye.

"Sau nawa na roƙe ka, Malam Bishir? Sau nawa? Ko ɗaya ka sa mani a waya, ka ce tuwo bai nuna ba. To ga shi ka ƙone tukunyar! Wata huɗu kana jan tsoho a babur cikin rana, ashe don ka kashe mana shi sau biyu."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne." Ni kuwa ina kallon takalmina. Kalma uku kawai ake nema a bakina, ni na yi, kuma bakin ya ƙi buɗuwa.

Sauran kun sani, don da ku aka yi. Labari ya zaga Dutsin-Ma da Kurfi kafin sati. Aka samu sabon suna, Bishir mai goge goge, ana faɗa ana tafawa. A wurin mai shayi wani ya ce kada a bar shi kusa da mai kalangu, zai iya goge shi shi ma. Na ji da kunnena, kuma don kada a gane ni har na yi ɗan murmushi. Masu kawo aiki suka fara janyewa, kowa yana tsoron a goge shi. Sa'adu da Mista Emmanuel ne kawai ba su daina zuwa ba, Allah ya saka musu. Bencin da ake rigimar wurin zama a kansa ya koma ni kaɗai nake zama.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Da la'asar ne a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar a kan tabarma, Hajara ta shiga ciki. Na ce, "Yaya, gobe zan je Wurma in faɗa musu gaskiya."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai jikokin tsohon kake koyarwa, kullum kana cikinsu, da wane ido za ka shiga aji? Ni ƙafata ko tasha ba ta kai ni, me za su rage ni da shi?"

"Amma ni na canza sunan. Kuma ka tambaye ni na yi maka ƙarya."

"Ƙaryar taka ce, wannan ka ji da ita. Amma dokar da ba ta san goge da goge ba, wa ya rubuta ta? Tun ranar da tsohon ya shigo na ga ramin. Maimakon in cike shi, sai na riƙa zagaye shi da 'tsoho kaza, tsoho kaza', don kada in taɓa dokata. Ka tambaye ni, na ce maka ba allo ba ne. Zauna, Malam. Miƙo mani butar can."

Na miƙa masa buta. Kuma ga abin da ya fi komai ci mini rai: da ya hana ni, daɗi na ji. Na koma Kurfi da sauƙi a ƙirjina, ina ce wa kaina ai shi ya ce in yi shiru. Na ɓuya a bayan maganar mara lafiya wata takwas, har ranar da Hajara ta kira ni tana kuka. A wurin jana'iza na ji wani a bayana yana cewa, "Allah sarki, mai goge goge," ba da mugunta ba, sunan ne kawai ya zauna. Ina riƙe da makara ban juya ba.

Da kuka ce in yi wannan rubutun, na zauna na rubuta Sa'adu da hancinsa, na rubuta tarin coci, na yi dariya ni kaɗai, sai alƙalami ya tsaya. Na fara gaya wa Hajara. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Shi ya sa yake cewa in riƙa ƙara maka nama." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar Asabar da ta wuce na hau babur na tafi Wurma. Na tarar da Talatu a tsakar gida tana sheƙar gero, mijinta ya yi mini iso. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga kwana ukun da na yi ina gyaran suna har "a'a" ɗin da na ce a waya. Na shirya wa zagi, wallahi har so nake ta zage ni.

Ta ajiye faifan a hankali. Ta ce, "Malam, ka san ya zo nan?"

Na ce ban sani ba.

"Sau uku. A bayan ɗan acaɓa, da ƙahwar nan tashi a naɗe. Ya zamna a zaure shina jira in hito ya ba ni haƙuri. Na hwarko na ce ba ni nan. Na biyu na ce ba ni nan, kuma na ɗaga murya don ya ji. Na ukku, rana ta take, maigidan nan ya ce a kai mashi ruwa, na ce ba da kwanona ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kai ka zo ka sauke naka, na ji, Allah ya yahe mana. Ni nawa fa, Malam? Wa zan kai mawa?"

Na yi mata sallama na hau babur. Har yanzu da nake rubuta wannan tambayarta tana bina.

Don haka ina roƙonku, ku da kuka san shi, ku bar masa sunansa na farko, wanda ya samu da halinsa. Na biyun nawa ne, ku kira ni da shi in kuna so, zan amsa. Bishir bai taɓa ɓatar da aikin kowa ba.

Ya Allah, ga bawanka Bishir, ya rufa wa wanda bai cancanta ba asiri, ka rufa masa nasa. Ruwan da aka hana shi saboda ni, ka shayar da shi wanda ya fi shi sanyi. Ka sanyaya zuciyar Talatu, ka jiƙan Baba Gambo, ni kuma ka yafe mini shirun da na yi. Amin.